Kanwa Da Gishiri Kaɗai Ba Su Ishi Saniyar Tatsa Ba

Yau a kan saniya zan yi magana. Na san wata za ta ce ina ruwan filin mata da shanu, ai wannan zancen maza ne. To, ki dakata tukuna. Gaskiya ne namiji ke kora garke daji, shi ke sayen kanwa ran kasuwa, shi ke sayar da bijimi idan bukata ta taso. Amma nono fa, na wane ne? A ruga mace ce ke kaɗa shi, ita ke fid da mai, ita ke ɗora ƙwarya a ka ta kama hanyar gari. Da kuɗin nan ta ke sayen sabulu da kayan miya da littafin 'yarta. A cikin gari kuwa, ke ce mai dama wa maigida fura, ke ce mai ba yaro kindirmo. Saboda haka ran da nonon saniya ya ja baya, ƙwaryar mace ce ke fara sani.

Maganata guda ce mai rassa biyu. Na farko, kanwa da gishirin da muka gada ba su ƙunshi duk abin da jikin saniyar tatsa ya ke bukata ba. Na biyu, kuskure ne babba a ruga kanti a sayo allura da gari a ɗura mata tun ba a auna an san abin da ya gaza ba. Ko wanne aka yi wa sakaci cikin biyun nan, asara ce.

Ban da ciyawa da ruwa, jikin saniya yana bukatar ma'adinai iri biyu. Akwai manya, waɗanda a ke aunawa da giram, kamar gishiri da kalsiyam da fosforas masu gina ƙashi. Akwai kuma ƙanana, waɗanda a ke aunawa da miligiram, watau kashi ɗaya cikin dubu na giram. Su ne jan ƙarfe, da zinki, da aidin, da kobal, da seleniyam, da manganis, da ƙarfe. Majalisar masana kimiyya ta Amurka, a littafin ciyar da shanun tatsa da ta sabunta a 2021, ta tsayar da miligiram 0.3 na seleniyam da miligiram 0.2 na kobal a kowane kilo na busasshen abinci. To, mu yi lissafi irin na aji. Saniyar da ke cin kilo 10 a yini tana neman seleniyam miligiram 3 ke nan. Idan kin tara na shekara guda cur, giram ɗaya ne da ɗan kai, bai ko kai nauyin rabin dunƙulen magi ba. Jan ƙarfe kuwa kamar miligiram 100 ne a yini, nauyin 'yan ƙwayoyin shinkafa huɗu ko biyar. Amma fa rashin wannan ɗan mitsitsin abu yana iya hana saniya ɗaukar ciki.

Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Kobal ba saniyar ce ke aiki da shi kai tsaye ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narka ciyawa, su ne kuma ke karɓar kobal su haɗa mata bitamin B12. Idan babu kobal sai ta daina marmarin abinci, ta rame, jininta ya ragu, ga ta kuwa tsaye cikin ciyawa har gwiwa. Haka aka yi ta fama a wasu yankunan Ostireliya da Niyuzilan, shanu da tumaki na mutuwa cikin wadata, har sai a 1935 masu bincike suka gane ƙasar wurin ce ba ta da kobal. Da aka soma gauraya shi cikin takin zamani, sai makiyayar da aka guje wa ta koma abin nema.

Jan ƙarfe shi ke taimakon jini da ƙashi da launin gashi. Baƙar saniya mai ƙarancinsa sai gashinta ya koma ja-ja kamar an shanya tsohon zane a rana, kewayen idonta ya yi fari-fari, ga zawo, ga maraƙi ba ya girma. Zinki kuwa na fata ne da kofato. Shi ke taimaka wa jiki ya yi ɗan abin nan mai kama da kakin zuma da ke toshe ƙofar kan nono bayan an gama tatsa, don kada ƙwayar cuta ta shiga hantsa. Jiki ba shi da rumbun kirki na zinki, saboda haka kullum ne a ke nemansa.

Seleniyam sai a 1957 wani masani, Klaus Schwarz, ya tabbatar jiki ba ya yi sai da shi. Kafin nan guba kawai aka san shi da ita. Ƙarancinsa yana sa a haifi maraƙi mai raunin tsoka, ya kasa miƙewa ya sha dakashi. Yana cikin abubuwan da ke sa mabiyiya ta ƙi faɗuwa bayan haihuwa, yana kuma rage ƙarfin saniya wajen yaƙi da ciwon hantsa. Ƙasar Finlan, da ta ga ƙasar nomanta ba ta da shi, sai ta soma sa shi cikin takin zamani a 1984. Ba a daɗe ba ya ƙaru a hatsi da nama da madara, har da jinin mutanen ƙasar.

Aidin kuwa ba baƙonmu ba ne. Dukanmu mun san maƙoƙo, mun kuma san a 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Saniya ma tana da maƙogwaro. Idan aidin ya gaza mata tana da ciki, sai ta haifi maraƙi da kumburin wuya, ko marar gashi, ko kuwa a mace. Masu ba dabba ɗanyen ɓawon rogo su lura, akwai abin da ke cikinsa mai hana jiki amfani da aidin. Abin da ya fi shafarmu mu iyaye shi ne, aidin da seleniyam suna bin nono gwargwadon abin da saniya ta ci. Idan ta samu, yaronki ya samu. Ƙarfe da jan ƙarfe kuwa kaɗan ne a nono kome aka ba ta, don haka kada ki dogara da madara kaɗai wajen ƙara wa yaro jini.

Yanzu na san abin da ke ranki. Za ki ce kakanninmu ba su san kobal ko seleniyam ba, ga shi kuwa sun tara garkunan da har yau a ke labari. Haka ne, kuma ba na raina saninsu ko kaɗan. Ba banza ba ayarin raƙuma ya ke ratsa Sahara zuwa Bilma da Faci ya ɗauko kantu don dabbobi. Ba banza ba kuma makiyaya ke haɗuwa a Ingal ta jihar Agadas kowace shekara a ƙarshen damina, wajen watan Satumba, don dabbobinsu su ci ciyawa mai gishiri su sha ruwa mai gishiri. Kanwa ita ma tana da aikinta. Galibinta soda ce, dangin wadda masu burodi ke amfani da ita, manyan gonakin madara na Turai ma suna zuba irinta a abinci don kashe tsamin tumbi. Sai dai abin da ke cikinta na ƙananan ma'adinai ba shi da ma'auni, ta wannan rami dabam, ta wancan dabam.

Amma fa babban maganin kakanninmu ƙafa ce. Saniyar da ta yi damina a tudu, ta yi kaka a gonaki tana cin kara da harawa, ta yi rani a fadama tana cin ganyen itatuwa, ta taka ƙasa iri-iri a shekara guda. Abin da ta rasa a nan sai ta samu a can. Yau burtali ya tsuke, makiyaya ta zama gona ko unguwa, rashin tsaro ya hana zuwa dazuzzuka da yawa. Saniyar da aka ɗaure a turke, dusa ɗaya, kara ɗaya, rijiya ɗaya, ba ta da inda za ta cike giɓi. Ciyawa kuwa ba ta ba da abin da ƙasar da ta fito a kai ba ta da shi.

Daɗin daɗawa, saniyar ma ta sake. Bunaji da Bokoloji da Rahaji a kiwon gargajiya lita ɗaya ko biyu a ke tatsa a yini bayan maraƙi ya sha. Saniyar Turawa mai baƙi da fari tana iya ba da lita 30. Yanzu ga barbarar yanyawa tsakanin irin biyun ta yaɗu a gonakin kewayen Kano da Kaduna da Jos. Duk litar da ta fita daga hantsa da ma'adinai ta fita. Ba a yi wa jaki kayan raƙumi a ce abincin jaki zai ci. Wanda ya sayi saniya mai tsada ya ce kanwa ta ishe ta, ya shirya kuka.

To, sai reshe na biyu, wanda ni ya fi tayar mini da hankali. Da zarar mutanenmu sun ji an ce abu na da amfani, sai a ɗauka yawansa ya fi amfani. Ga dutsen lasa, ga gari a dusa, ga allura daga hannun mai tallar magani ran kasuwa, duka a kan saniya guda, ba wanda ya haɗa jimla. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Tsakanin seleniyam mai warkarwa da mai kisa tazarar ba ta da yawa. A 2009, a jihar Fulorida ta Amurka, dawakin folo 21 suka mutu kusan lokaci guda saboda an yi kuskuren awon seleniyam cikin allurar ƙarin kuzari da aka yi musu. Masu kuɗi ne da likitoci a gefe. Ina ga wanda bai iya karanta abin da ke jikin kwalba ba?

Ke mai kiwon ragon layya a tsakar gida, wannan taki ce musamman. Tunkiya ba ta jure jan ƙarfe kamar saniya. Idan tana lasar dutsen da aka yi don shanu, jan ƙarfen yana taruwa a hantarta mako da makonni ba ki ga kome ba. Rana ɗaya sai ya ɓalle cikin jini, idonta ya yi rawaya, fitsarinta ya yi ja wur, kafin ki ankara ta tafi. Sai a ce sammu ne ko maciji. Lasar shanu ta shanu ce, ta tumaki dabam ta ke.

Har ila yau, ma'adinan nan suna kishi da juna kamar mata a gida ɗaya. Idan ƙarfe ya yi yawa, ko farar wuta, ko wani da a ke kira molibdinam, sai su tare jan ƙarfe a tumbi su hana shi shiga jiki. Mu kuwa da jar ƙasa ta yi mana yawa, da ruwan wasu rijiyoyin burtsatse mai barin tsatsa a bokiti, ƙarfe ba shi ne abin da babbar saniya ta cika rasawa ba, sai fa idan kaska da tsutsar ciki sun shanye mata jini. Saboda haka allurar ƙarfe da a ke yi wa kowace ramammiyar saniya sau da yawa ɓarnar kuɗi ce.

Kada kuma a ce na ɗora wa ma'adinai kowane laifi. A watan Maris da Afrilu yawancin shanunmu yunwa ce tsagwaronta ke damunsu. Ga sammore, ga ciwon hanta, ga tsutsa. Saniyar da ke tauna ƙashi da tsumma da leda galibi gishiri ne ko fosforas ya gaza mata. Dutsen lasa ba ya maye gurbin harawa da angurya. A fara cika tumbi, a yi maganin tsutsa, sa'an nan a zo ga waɗannan. Amma idan an yi duka wannan har yanzu saniya ba ta ɗaukar ciki sai bayan shekara biyu, to, akwai tambaya. Ki lissafa: mai haihuwa duk shekara biyu, 'yan maruƙa uku ke nan cikin shekara shida. Mai haihuwa duk wata 14 kuwa biyar za ta yi. Maruƙa biyu da tatsar haihuwa biyu sun salwanta ba tare da kowa ya ga gawa ba.

Yaya a ke aunawa? Ma'auni na farko yana hannunki, kuɗinsa kuma kuɗin littafi da fensir ne. A rubuta ranar da kowace saniya ta haihu, da ko mabiyiya ta faɗi cikin yini guda, da ko maraƙi ya miƙe ya sha dakashi. A rubuta kwano nawa aka tatsa, da ranar da hantsa ta kumbura, da ranar da ta sake neman bijimi. A rubuta kuma duk abin da aka ba ta, da sunan da ke jikin buhu ko kwalba. Ni malamar makaranta ce, ina kuwa tabbatar miki yarinya 'yar aji biyar za ta iya riƙe wannan littafi, da boko ko da ajami. Likitan da ya tarar da littafi ya sami rabin amsarsa.

Ma'auni na biyu na likitan dabbobi ne. Ba kowace saniya a ke ɗiba wa jini ba. Kamar goma a garke sun isa a gane inda aka dosa, a zaɓo daga masu tsohon ciki da sababbin haihuwa da karsana. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, da kuma watanni uku na ƙarshen ciki, domin a lokacin ne ɗan da ke ciki ya ke janye jan ƙarfe da seleniyam daga jikin uwa ya tara a hantarsa. Jini yana faɗin gaskiya a kan seleniyam. A kan jan ƙarfe kuwa yana da rufa-rufa. Hanta ce rumbu, jini ɗan akushi ne da a ke cikawa daga rumbun. Akushi zai kasance a cike har sai rumbu ya kusa ƙarewa, idan kuma rumbu ya cika ya batse, akushi ba zai nuna ba. Don haka ɗan yankin hanta ya fi jini faɗa. Aidin a nono a ke duba shi. Wani lokaci kuma tilas a kai dusar da ruwan rijiyar a gwada, don a san ko su ne masu kishin.

A nan ne na ke da magana da hukuma. Muna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom tun 1924. Muna da cibiyar binciken kiwo a Shika kusa da Zariya. Muna da tsangayoyin likitan dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. A 2024 kuma an kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo. Kowace safiya a ke yanka shanu a mahautan garuruwanmu, hanta tana nan a faranti. Me zai hana a riƙa yankar ɗan abin da bai wuce kan yatsa ba, musamman daga shanun da aka san inda suka yi kiwo, a gwada, a gaya wa kowace ƙaramar hukuma abin da ƙasarta ta rasa? Sa'an nan a tilasta wa masu yin dutsen lasa su rubuta abin da ke ciki da Hausa da Fulatanci, su kuma sa hoton tunkiya da alamar hani a jikin wanda bai dace da ita ba. Kamfanonin da ke sayen madara a hannun matan ruga su ma da hakki a kansu. Tun da suna gwada madarar don su san ko an sirka ruwa, ba zai gagare su gwada aidin sau biyu a shekara su faɗa wa masu ita ba.

Mu kuma mata ga namu. Idan maigida ya kawo dutsen lasa, ki sa ɗanki ɗan makaranta ya duba jikin kwalin. Cu shi ne jan ƙarfe, Zn zinki, Se seleniyam, Co kobal, Mn manganis, I kuwa aidin. Wanda ba a rubuta kome a jikinsa ba, kada ki yarda da jan launinsa, gishiri ne da rini sai an tabbatar miki da wani abu. A ajiye shi a inuwa inda ruwan sama ba zai taɓa shi ba, a ɗaga shi daga ƙasa, a ga kuma ƙananan shanu na samun lasa, don manya kan hana su. Hanya ɗaya a ke bi: ko lasa, ko gari a dusa, ko allurar likita, ba a haɗa su uku. Allura kuwa kada a bari kowa ya yi sai malamin dabbobi da aka sani.

Kuɗin gwaji ya fi ƙarfin gida ɗaya, na yarda. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu da muka iya adashin biki da na kayan ɗaki, za mu iya zubin kwanon nono ɗaya a mako mu goma ko ashirin, mu kira likita sau ɗaya a shekara. Shanun da ke kiwo a ƙasa ɗaya suna shan rijiya ɗaya, galibi matsalarsu ɗaya ce, sakamakon garke guda zai haska wa maƙwabta.

Abu na ƙarshe, ki yi magana. An saba a ce lafiyar shanu ba ta mace ba ce, alhali ke ce ki ke fara ganin ƙwarya ba ta cika ba, ke ki ke fara ganin guda-guda a nono. Ki zaɓi lokacin da maigida ya huta, ki ajiye masa littafin a gabansa, ki nuna masa wace ce ta shekara biyu ba ta haihu ba, da kwano nawa aka rasa tun daga kaka. Namiji yana iya musun magana, amma da wuya ya musa lissafi. Bahaushe ya yi wa saniya kirari da nagge daɗi goma, to, ko ɗaya daga cikin goman ba ya samuwa sai an ba ta abin da jikinta ya ke nema, daidai gwargwado.

Mai wata shawara ko tambaya a kan wannan, ƙofar filinmu a buɗe ta ke. Sai mun sake saduwa.